Bayar da Gida Haya Sana'a Ce: Lacca ga Masu Shirin Shiga Harkar Gidajen Haya

 

 Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron nan, da suka ga ya dace in ce wani abu a kan harkar gidajen haya. Maganata ta fi shafar wanda bai taɓa shiga ba, da wanda ya shiga bara ko bana yana ta lalube. Wanda ya daɗe a cikinta sai ya yi haƙuri da ni, in an zo lokacin tambayoyi ya ƙara mana da abin da ya sani.

Na san irin mutanen da ke zaune a gabana. Akwai ma'aikacin da ya kusa ajiye aiki, yana tunanin inda zai sa kuɗin sallamarsa. Akwai ɗan kasuwar Kwari ko Singa da yake ganin darajar Naira tana zaizayewa a hannunsa, yana so ya mayar da ribarsa ƙasa. Akwai uwar marayu da aka raba gado, gida ya faɗo a kason 'ya'yanta, da kuɗin hayarsa za ta ciyar da su ta biya musu makaranta. Akwai kuma wanda ɗan'uwansa yake Saudiyya ko Ingila yana turo kuɗi a gina masa. Dukkanku kun sha jin ana cewa ƙasa ba ta ruɓewa. Gaskiya ne, amma abin da aka ɗora a kanta yana ruɓewa. Kwano yana tsatsa, sokawe yana cika, fenti yana ɓarewa, ɗan haya kuma mutum ne mai uzuri da hali. Saboda haka abu ɗaya nake so ku tafi da shi yau: bayar da gida haya sana'a ce, tana da lissafinta da dokokinta da wahalarta. Wanda ya ɗauke ta a matsayin ajiyar da za ta kula da kanta, zai daɗe yana mamakin inda kuɗinsa suka shiga.

Fara da alƙalami

Yawancinmu idan dillali ya kai mu ganin gida, tambaya biyu muke yi: nawa ne, kuma nawa ake biyan haya? Sai mu haɗa a ka, mu ji daɗi. To, bari mu yi lissafin tare, da misali kawai, kowa ya sauya alƙaluman da na unguwarsu.

A ce ka sayi gida mai ɓangare huɗu, kowanne ciki da falo da kicin da banɗaki. Da kuɗin gidan, da la'adar dillalai, da kuɗin lauya da na takardu, da ɗan gyaran da za ka yi kafin a shiga, ya tasar maka Naira miliyan 40. Kowane ɓangare ana biyan Naira 600,000 a shekara, ka ga miliyan 2 da dubu 400 ke nan. Wannan shi ne adadin da dillali zai yi ta nanata maka. Yanzu cire. Mutum ɗaya ya tashi, ɓangarensa ya yi wata uku a rufe kafin a sami wani, Naira 150,000 ta tafi. Wakilin da yake karɓar maka haya ya ɗauki kashi 10 cikin 100, wato 225,000. Gyaran shekara, daga yoyon kwano zuwa kwashe sokawe da sauya famfo, a ce 300,000. Kuɗin ƙasa da sauran harajin hukuma, a ce 125,000. Abin da ya shigo aljihunka shi ne miliyan 1 da dubu 600. Wannan kashi 4 ne cikin 100 na abin da ka zuba. In haya ta tsaya a haka, sai ka yi shekara 25 kafin uwar kuɗinka ta dawo.

Ku ajiye wannan kusa da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Ku kuma tuna cewa sukuk na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ya biya masu zuba kuɗi sama da kashi 16 cikin 100 a shekara, babu rigimar ɗan haya, babu hawa rufi. Ba na faɗin wannan don in kashe muku gwiwa. Gida yana da abin da takardar sukuk ba ta da shi: darajar filin tana hawa tare da tsadar rayuwa, kuma haya kanta ana ƙara ta lokaci zuwa lokaci. Sai dai darajar fili ba a cefane da ita sai ranar da aka sayar. Wanda yake buƙatar kuɗin abinci da na magani kowane wata, kada ya kwashe duk abin da ya mallaka ya binne a gini ɗaya. Ya bar wani abu a hannu.

Daga wannan lissafin kuma za ku ga haɗarin gina gidan haya da bashin banki mai ruwa. Gidan da yake kawo kashi 4 ko 6 cikin 100 ba zai iya biyan bashin da ruwansa ya haura kashi 20 ba, balle ma mu zo ga hukuncin riba a addini. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa yana iya neman rancen Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, amma an yi wannan tsari ne domin mutum ya mallaki gidan da zai zauna. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da Lotus da suka biyo baya, suna da tsarin ijara da murabaha. Su ma sai ka zauna ka kwatanta abin da za ka riƙa biya da abin da gidan zai riƙa kawowa.

Mai niyyar ginawa da kansa kuma ya tuna abin da ya faru bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar Naira. Buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, rodi da kwano da tayil suka bi sahu. Ku zaga bayan gari ku ƙirga kangwayen da suka tsaya a linta. Kango ba ya kawo ko sisi, ga ruwan sama yana cin bulo. Gara ka gina ɓangare biyu ka gama su tsaf a shiga, da ka ɗora harsashin takwas su tsaya suna jiran ka.

Wa zai zauna a ciki?

Kafin ka tambayi kuɗin fili, tambayi kanka wane ne zai kama haya a nan, kuma a ina yake samun kuɗinsa. Sabon shiga yakan gina irin gidan da shi yake sha'awar zama a ciki, ya zuba tayil mai tsada da silin na ado a unguwar da mutanenta ba su iya biyan fiye da kuɗin ɗaki biyu. Ƙarshenta ko gidan ya zauna a rufe, ko ya karya farashi.

Kowane wuri da irin mutanensa. A Kano, Danbare da Rijiyar Zaki da Janbulo suna cin albarkacin Jami'ar Bayero, kamar yadda Samaru take cin albarkacin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A nan ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki su ne suke tafiya. Amma mai ɗakunan ɗalibai ya tuna da 2022, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur ɗakuna suna rufe. Kewayen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai likitoci da ma'aikatan jinya masu albashi, suna son wuri mai ruwa da natsuwa. Kubwa da Lugbe da Nyanya da Mararaba kuwa ma'aikatan Abuja ne da tsadar tsakiyar birni ta koro, abin da ya dame su shi ne kusanci da titi. A unguwanninmu na cikin gari kuma babban mai neman haya shi ne saurayin da aka sa wa ranar aure, wanda iyayen yarinya suka ce sai ya nuna wurin zama. Shi ciki da falo yake nema, da ɗan tsakar gida wanda matarsa za ta sakata ta wala ba tare da idon maƙwabta ba. In ka yi masa ƙofa tasa shi kaɗai, ka ƙara wa gidanka daraja fiye da duk wani adon da za ka yi.

Je unguwar da kanka, da safe da yamma da dare. Zauna wurin mai shayi ka ji hira. Tambayi 'yan ga-ruwa nawa suke sayar da kura, domin tsadar ruwa tana gaya maka zurfin rijiya a wurin. Duba gidaje nawa ne aka rubuta wa sanarwar haya a bango har fentin ya koɗe. Wannan duk bincike ne da ba ya cin kuɗi.

Takarda kafin kuɗi

A nan ne mutane suka fi yin asarar da ba ta da magani. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kai kake mallaka shi ne izinin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka take tabbatarwa, galibi na shekara 99 ga gidan zama. Dokar ta kuma ce mai irin wannan takarda ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Ma'ana, ko ka biya kuɗi ka karɓi takardar asali, matuƙar ba a bi matakan sauya suna ba, a idon hukuma gidan yana nan da sunan wanda ya sayar maka.

Saboda haka kafin ka ba da ko da kuɗin kafin alƙalami, ɗauki lambar takardar ka sa lauya ya yi bincike a ofishin filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, sauran jihohi ma kowace da nata. Binciken zai nuna maka sunan wane ne a fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko ana bin sa kuɗin ƙasa na shekaru. Sannan ka nemi takardar izinin gini daga hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Ka kuma sa safiyo ya auna, ya tabbatar filin da ke ƙasa shi ne wanda ke takarda.

Na san da yawa daga filayen da talaka yake iya saye na awon igiya ne, gonar da aka yanka fuloti-fuloti, shaidarta takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Ban ce kada a saya ba, rabin garuruwanmu a haka aka gina su. Amma ka san abin da ka saya. Ka tabbatar ba a kan hanyar da aka tsara ba ne, ba ƙarƙashin babbar wayar wuta ba, ba filin makaranta ko maƙabarta ko magudanar ruwa ba. Ka ga maƙwabtan filin na gabas da yamma da kudu da arewa ido da ido, su sa hannu a matsayin shaidu. Bayan ciniki kuma kada ka kwanta, fara neman takardar hukuma. Kowa ya ga rusau da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen jama'a. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, darasin mai saye ɗaya ne: filin da asalinsa na jama'a ne, rigimarsa ba ta mutuwa.

Sai gidan gado. Sau da yawa shi ne yake zuwa da araha, domin magada suna sauri a raba. Kada ka yarda da babban wa shi kaɗai, ko da shi ne yake riƙe da takardu. Ka nemi shaidar rabon gado daga kotu, ka tabbatar kowane magaji ya amince, har da matan da suke gidajen aurensu a wani gari, har da wakilin marayun da ba su balaga ba. Ƙanwa ɗaya da ba a shawarta ba tana iya tsayar da kai a kotu shekara da shekaru, kuma ita ce da gaskiya.

Kuɗi kuma a biya ta banki, zuwa asusun mai gidan da sunansa yake a takarda. Dillali yana da haƙƙin la'adarsa, a yanke ta tun farko a ba shi, amma kada kuɗin gida su bi ta hannunsa.

Ga gida a watan Agusta

In da hali, kada ka yanke shawarar sayen gida da rani. Gidan da ka gani fes a watan Maris, je ka gan shi a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Tun daga bakin layi za ka fara karatu: mota tana shiga, ko sai an naɗe wando? In ka shiga ɗaki, ɗaga kai ka dubi silin, tabon ruwa ba ya ɓuya. Sannan ka sunkuya ka dubi gindin bango. In ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, da wani farin gari kamar gishiri, to danshi ne yake hawowa daga harsashi, kuma fenti ba ya maganinsa. Bangon da aka yi wa sabon fenti shi kaɗai a cikin tsohon gida, tambayi dalili. Ɗaga murfin sokawe ka leƙa. Kunna kowane famfo. Auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai. Tsagewar da ta bi bango a karkace daga kusurwar taga zuwa ƙasa, kira injiniya ya duba ta, kada ka tsaya ga birkilan da zai ce maka filasta ce kawai.

Ka kuma tambayi tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, da ta Mokwa a watan Mayun 2025, sun isa su tuna mana cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. Araha ba ta ado, gidan da aka karyar maka da farashinsa fiye da kima akwai abin da ba a gaya maka ba.

Zaɓen ɗan haya da rubuta yarjejeniya

Gara ɗaki ya yi wata biyu a rufe da ka sa mutumin da zai shekara biyu yana wahalar da kai. Kada ɗokin kuɗin da aka ajiye maka a gaba ya rufe maka ido. Ka san sana'arsa da inda yake yin ta. Ka san mutum nawa za su zauna. Ka tambayi inda ya taso da dalilin tasowarsa, in da hali ka ji ta bakin tsohon mai gidansa. Ka karɓi kwafin katin shaidarsa, ya kuma kawo mutum sananne da zai tsaya masa. A halin tsaron da muke ciki, ka gabatar da shi ga mai unguwa, domin in wani abu ya faru a gidanka kai za a fara nema. Abin da za ka auna shi ne hali da ikon biya. Ƙabila ko garin da mutum ya fito ba su taɓa biyan haya ba, haka kuma bai dace a rufe wa mace ƙofa don kawai mijinta ya rasu ko aurenta ya mutu ba, alhali tana da sana'a da mai tsaya mata.

Game da ɗan'uwa da aboki, ku yarda mu faɗa wa juna gaskiya. In za ka ba shi kyauta, ka ce kyauta ce, ka sa wa'adi, ka nemi ladanka wurin Allah. In haya ce, a rubuta kamar kowa. Abin da yake ɓata zumunci shi ne a bar magana a dunƙule, shi yana ganin alfarma ce, kai kana ƙirga watanni a zuci.

Rubutu ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Yarjejeniyar haya ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, da ranar shiga da ranar ƙarewa, da adadin kuɗi da lokacin biya. Ta fayyace gyaran da ke kan mai gida, kamar rufi da bango da sokawe, da wanda ke kan ɗan haya, kamar ƙwan fitila da makulli da gilashin da yaransa suka fasa. Ta hana shi saka wani a gidan ko mayar da shi shago ko fasa bango ba da izini ba. Ta faɗi tsawon sanarwar da za a bayar kafin ƙarin kuɗi ko tashi. In za ka karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, a rubuta adadinsu, kuma ka san amana ce, ranar tashi in bai ɓata komai ba ka mayar masa. Ranar ba da makulli ku zaga gidan tare, ku ɗauki hoton kowane ɗaki da waya. Duk kuɗin da ya biya kuma ka ba shi rasit.

Wuta, ruwa da masai

Ku tambayi duk wanda ya daɗe a harkar nan, zai gaya muku yawancin rigimar gidan haya ba a kan kuɗin haya take farawa ba. A gidan da mutum huɗu suke kan mita ɗaya, ranar da kati ya ƙare ake jin kansu. Wannan ya ce wancan yana da firiza, wancan ya ce matar wannan da hita take dafa ruwa, na uku ya ce shi wuni yake a kasuwa, don me zai biya daidai da kowa. Kafin magariba mata sun daina gaisawa, kai kuma wayarka ba ta huta ba. Maganin abin shi ne kowane ɓangare da mitarsa ta kati. In ba ta samu daga KEDCO ko kamfanin yankinku ba, a sa ƙananan mitoci masu nuna abin da kowa ya sha. Kuma duk lokacin da mutum zai tashi, a duba ko ya bar bashin wuta, domin kamfani gidan ya sani, bai san wanda ya tashi ba.

Haka ruwa. In ka haƙa rijiyar burtsatse, a rubuta wa zai sayi man janareta ko katin da za a tayar da ruwa, wa zai gyara injin in ya ƙone. Haka kwashe shara da share kwata. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne suke korar ɗan haya nagari.

Ka ware wani kaso daga kowace haya da ka karɓa, kashi 10 ko 15 cikin 100, a asusu dabam wanda ba ka taɓawa sai don gidan. Kafin damina a hau rufi a duba ƙusoshi da indararo. Kafin hunturu a duba wayoyin wuta, lokacin gobara ke nan. Wanda ya ga zai iya, ya nemi inshora, akwai kamfanonin takaful ga mai gudun shubuha. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yoyon da za a toshe da kuɗi kaɗan a watan Mayu, in aka bar shi sai ya ci silin da katako kafin Satumba.

Batun ƙarin haya kuma, a yi shi da hankali. Ɗan hayan da yake biya a kan lokaci, yake share gida kamar nasa, dukiya ne. In ka ninka masa kuɗi dare ɗaya ya tashi, ka yi asarar watannin da ɗakin zai zauna a rufe, ka yi fenti, ka kuma ɗauko wanda ba ka san halinsa ba. Ƙari kaɗan-kaɗan da sanarwa tun da wuri ya fi. Ku kuma daina ɗora wa mutane biyan shekara biyu a dunƙule. A Legas ma dokar haya ta 2011 ta haramta karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Kuɗin shekara biyu daɗinsu na wata ɗaya ne, sauran watanni 23 kana kallon gidanka ba ya kawo komai, tsada kuma ta cinye darajar abin da ka karɓa.

Idan zama ya ƙi

Duk iya binciken da ka yi, wata rana za ka haɗu da wanda ya kasa biya ko ya ƙi biya. Ka fara bambance su. Wanda aikinsa ya tsaya ko ciwo ya kwantar da shi, ku zauna da mai tsaya masa a yi masa sauƙi, a tsara biya a rubuce. Wanda kuwa taurin kai ne, akwai hanyar doka. A dokokin karɓar gida na yawancin jihohinmu da Abuja, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan mako-mako sanarwar mako ɗaya ake ba shi, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara kuma wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wata sanarwar ta kwana bakwai cewa za a kai maganar kotu. Daga nan kotu ce take da ikon fitar da shi. Ka sa lauya ya rubuta waɗannan takardu, domin kuskuren kwanan wata kaɗai yana iya mayar da kai farko.

Abin da ba a yi shi ne ɗaukar doka a hannu. Cire kwano, ɓalle ƙofa, yanke wuta, watsa kayan mutum a titi, ko turo 'yan daba, duk suna mayar da mai gaskiya mai laifi, har ɗan hayan da kake bi bashi ya koma yana bin ka diyya. 'Yan sanda kuma ba aikinsu ba ne karɓar kuɗin haya. Kafin a kai ga kotu, a gwada mai unguwa da limami da dattawa. Sau da yawa yafe wata biyu a karɓi makulli cikin mutunci ya fi arha a kan shekara guda ana zaryar shari'a.

Haƙƙin hukuma da haƙƙin Allah

Kuɗin haya kuɗin shiga ne, akwai haraji a kansu. In kamfani ko ma'aikata ce ta kama gidanka, za ta cire kashi 10 cikin 100 ta miƙa wa hukumar haraji da sunanka, ka karɓi shaidar hakan ka adana. Kuɗin ƙasa ma a riƙa biya duk shekara, kada ya taru. Ta ɓangaren zakka, abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne ba a fitar da ita a kan ginin da aka ajiye don haya, sai a kan kuɗin da ya kawo, in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Kowa ya koma ga malaminsa don tafsili. Ka kuma san abin da ake yi a gidanka. Maƙwabta suna da haƙƙi a kanka, ko da kai a wata unguwa kake kwana.

Wanda yake nesa, ko yake da gidaje fiye da yadda zai iya zagawa, ya ɗauki wakili na sana'a, irin masu rajista da ƙungiyar ƙwararrun masu kula da kadarori ta NIESV, a rubuta aikinsa da ladansa, ya riƙa ba da rahoto. Mai riƙe da gidan marayu kuma ya buɗe littafi, ya rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, domin yaran nan za su girma su tambaya, kuma akwai wata tambayar a gaba wadda ta fi tasu.

Jama'a, kirana gare ku shi ne ku fara da ƙarami. Ɓangare ɗaya ko biyu sun isa mutum ya koyi sana'ar, ya san magini da mai gyaran famfo na kirki, ya san halin kansa idan aka zo masa da uzuri. Kada ku biya kuɗi sai lauya ya duba takarda. Kada ku ba da makulli sai an sa hannu. Kada ku cinye haya duka ku bar gida ba gyara. Wanda yake zaune a ɗakinku kuma ku riƙe shi da mutunci, da guminsa yake biyan ku, kuma da yawa daga cikinmu a gidan haya muka fara.

Allah Ya sa albarka a abin da muka mallaka, Ya ba waɗanda ba su da muhalli nasu na kansu.